Haɗa kwamfutoci a ɗaki ɗaya don buga gem tare: daga ina ake farawa?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masana. Idan mutum takwas zuwa goma suna so su kawo kwamfutocinsu wuri ɗaya su buga gem tare, abin nan da ake kira taron LAN, me ake buƙata tun daga tushe? A ce shida manyan kwamfutocin kan tebur ne, huɗu laftof. Rautar gida mai Wi-Fi za ta isa, ko sai an nemi wani abu? Kuma dole ne sai da intanet?

Mai_Kebul:
Wa alaikumus salam. Rautar gida ita kaɗai ba za ta ɗauke ku ba, yawancinsu rami huɗu ne kacal a bayansu. Abin da za ka nema shi ne suwic, akwatin da kowace kwamfuta za ta jona kebul ɗinta a jikinsa. Nemi mai gudun gigabit, za ka ga an rubuta 10/100/1000 a kwalinsa, kuma irin wanda ba a yi masa saiti, da an ba shi wuta ya kama aiki. Idan za ka samu mai rami 16 guda ɗaya, ya fi masu rami takwas guda biyu. Rami goma na 'yan wasa, ɗaya zuwa rauta, ɗaya na saba (kwamfutar da ke riƙe da wasan, kowa ya shiga wurinta), sauran huɗun na waɗanda ba a sa a lissafi ba, kuma sai sun zo.

Kebul kuwa Cat5e yana ɗaukar gigabit har mita 100. Cat6 ba laifi, amma ba zai ƙara maka komai a cikin gem ba. Mita 5 ga na kusa da suwic, mita 10 ga na nesa, a ajiye ƙarin biyu ko uku a gefe. Ka guji masu araha da aka rubuta CCA, alminiyom ne aka shafa wa tagulla a sama, da an lanƙwasa shi 'yan lokuta yake karyewa daga ciki ba tare da ka gani ba.

Injiniya_Wuta:
Malam Mai_Kebul ya faɗi daidai, amma ni da ba ta nan zan fara ba. Suwic da kebul su ne sashe mafi sauƙi a duk lamarin. Abin da ke tashin irin wannan taro shi ne wutar lantarki, don haka a fara ɗaukar biro.

Bolt sau amfiya shi ke ba ka wat. Inda wuta take 230, fulogi mai fis 13A iyakarsa kusan wat 3000. Layin da ke kan birekar 16A iyakarsa 3680. Amma kayan da za su kwana a kunne ba a kai su bakin iyaka, a tsaya a kashi 80 cikin ɗari: kimanin 2400 a kan ekstenshan ɗaya, 2900 a kan layin 16A. Inda wuta take 120, kamar Amurka, layin 15A wat 1800 ne, kashi 80 ɗinsa 1440, wato kwamfuta uku ka cika.

Babbar kwamfutar gem da allonta, a tsakiyar wasa, sa mata 450 a lissafi. Masu sabon katin hoto mai ƙarfi suna haura haka. Laftof na gem sa masa 150, ko ka duba abin da aka rubuta a jikin cajarsa. A naka misalin: shida sau 450 ya ba da 2700, huɗu sau 150 ya ba da 600, jimilla 3300. Ka ga ya wuce ƙarfin layi ɗaya. Dole a raba gida biyu.

Kuma soket biyu a bango ba ya nufin layi biyu. Sau da yawa duk soket ɗin ɗaki suna kan bireka ɗaya. Kafin ranar, je wurin akwatin bireka da fitila ko cajar waya, kashe bireka ɗaya, zagaya ka gwada soket ɗaya bayan ɗaya, ka manna takarda a kowanne da lambar birekarsa. Minti ashirin ne aikin.

Sabon_Shiga:
Na gode Malama. To amma a jikin akwatin wutar wata kwamfuta an rubuta 850W. Da wannan zan lissafa ko da 450?

Injiniya_Wuta:
850 ɗin iyakar abin da akwatin zai iya bayarwa ne, ba abin da kwamfutar take ja ba. Idan kana son ainihin adadi, akwai ƙaramar mita da ake sawa tsakanin fulogi da soket, a kunna gem mai nauyi a karanta. Kada a auna lokacin da kwamfutar ke zaune ba ta aikin komai, lokacin ƙasa da rabi take ja. Shi ya sa bireka ba ta faɗuwa lokacin da ake jona kaya, sai an shiga zagayen farko kowa katin hotonsa ya tashi gaba ɗaya.

Abu uku kuma ban yarda a yi sassauci a kansu ba. Kada a jona ekstenshan a jikin ekstenshan, domin duk nauyin yana bi ta wayar na farko, ita ce za ta yi zafi. Idan waya mai naɗi a jikin ganga ce, a warware ta duka, naɗaɗɗiyar waya ba ta iya fitar da zafinta, kuma masu yin ta suna rubuta iyaka biyu a jiki, na naɗe da na warware. Sannan butar lantarki ko wani abu mai dumama ruwa kada ya taɓa layin kwamfutoci, shi kaɗai yana jan wat 2000 ko fiye.

Dan_Wifi:
Ni dai ban ga dalilin shimfiɗa kebul goma a ƙasa a wannan zamanin ba. Rauta mai Wi-Fi 6 a kan 5GHz, a ɗaki ɗaya, babu bango a tsakani, gudunta ya wuce abin da kowane gem ke buƙata. Gem ɗin harbi ko megabit ɗaya ba ya ci a sakan ga mutum ɗaya.

Mai_Kebul:
Ɗan'uwa, ba yawan gudu ake magana ba, daidaiton lokaci ne. A kan suwic kowace kwamfuta tana da hanyarta ita kaɗai, tana aikawa tana karɓa a lokaci guda, jinkirin bai kai milisakan ɗaya ba kuma ba ya motsi. A Wi-Fi iska ɗaya kowa ke rabawa, wanda zai aika sai ya saurara ko wani na aikawa. Za ka ga milisakan 3, 4, 3, sai kwatsam 80, saboda wayar wani ta fara ɗora hotuna ko laftof ɗin wani yana laluben wasu hanyoyin Wi-Fi a bayan fage. Wannan tsallen shi ne ake harbinka a bayan bango kana rantsuwa ka riga ka ɓuya.

Na biyu, gem yana gano saba ne ta hanyar shela, saƙon da ake watsa wa kowa a kan hanyar. Wi-Fi ba ya riƙe irin wannan saƙo da kyau, kuma wasu rautoci suna da saitin da ke hana na'urorin Wi-Fi ganin juna, musamman a layin baƙi. Sai kowa yana da intanet amma jerin sabobi fayau.

Dan_Wifi:
To laftof ɗin da ba su da ramin kebul fa? Sababbi da yawa an cire musu.

Mai_Kebul:
Akwai ƙaramar adafta daga USB zuwa kebul. A tabbata ta USB 3 ce mai gigabit, kuma a gwada ta a gida, don wasu sai an sauke musu direba. Inda zan yarda da kai shi ne wasannin da ake yi bi da bi, ko na gina gari irin OpenTTD. Waɗannan ko an yi jinkirin milisakan 100 ba wanda zai ji. A bar Wi-Fi wa wayoyin hannu.

Uwar_Saba:
Bari in ɗauki zancen adireshi, tunda nan ne ake ɓata awa guda ana kallon juna.

Ko babu intanet, ku zo da rautar nan. Aikinta a wurin shi ne raba adireshin IP, lambar da ake gane kowace kwamfuta da ita a kan hanya, ta tsarin da ake kira DHCP. Kebul ɗaya daga ɗaya daga cikin ramukanta na LAN zuwa suwic. Ba ramin WAN ba, na shigowar intanet, wanda yawanci launinsa daban ne. Daga nan duk wanda ya jona zai samu adireshi irin 192.168.1.23 da kansa. Da mas 255.255.255.0 akwai wurin na'ura 254, ba za ku cika ba.

Kowa ya buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, ya rubuta ipconfig. Lambobi ukun farko su zama iri ɗaya a wurin kowa. Wanda ya ga nasa ya fara da 169.254, kwamfutarsa ta nemi adireshi ba ta samu amsa ba sai ta ƙirƙiro wa kanta. Ko kebul ɗinsa ne, ko ramin suwic, ko kebul ɗin da ke zuwa rauta ya zare. Wanda kuma ya ga 192.168.0 alhali kowa yana kan 192.168.1, to ɗaya cikin biyu: ko ya taɓa sa adireshi da hannu ya manta, ko wani ya kawo rauta ta biyu ya jona don ƙara ramuka. Rauta biyu suna raba adireshi a hanya ɗaya, ɗaki ya rabu biyu ke nan, rabi ba sa ganin rabi. Idan dole sai an yi amfani da ta biyun a madadin suwic, a shiga saitinta a kashe DHCP tukuna, a canza mata adireshi, a yi amfani da ramukan LAN kawai.

Tsohon_Hannu:
Hajiya, ni a nan na saɓa miki. Mutum goma ne fa. A rubuta lamba a takarda a manna a kowane tebur, 192.168.1.11 zuwa .20, kowa ya sa da hannu. Babu rauta, babu abin da zai mutu a tsakiyar dare, kuma idan an ga matsala daga .14 an san teburin.

Uwar_Saba:
Yana aiki, Yallaɓai, ban musa ba. Amma ga abin da ke biyo baya. Idan babu ƙofar fita a saitin, wato adireshin rauta, Windows yana ɗaukar hanyar a matsayin wadda bai sani ba, ya jefa ta rukunin Public, kuma a wannan rukunin katangar tsaro (firewall) tana toshe kusan duk abin da ke shigowa. Sannan mutum biyu za su rubuta lamba ɗaya, ba makawa. Sannan kowa zai koma gida da adireshin hannu a kwamfutarsa, washegari intanet ya ƙi, ya kira wanda ya shirya taro. Na'ura ɗaya ce ke buƙatar adireshin da ba ya canzawa, ita ce saba. A ba ta 192.168.1.10, a sa rauta ta fara rabo daga .100.

Tsohon_Hannu:
Zancen Public ɗin gaskiya ne. Amma in rautar ta mutu ina nan a kan bakana.

Uwar_Saba:
In ta mutu a tsakiyar wasa ba abin da zai tsaya nan take, kowa yana riƙe da adireshinsa har wa'adinsa ya ƙare, kuma saƙonnin gem ta suwic suke bi, ba ta rauta ba. Sabon zuwa ne kawai zai rasa.

Sabon_Shiga:
Katangar tsaron nan, wasu suna cewa a kashe ta gaba ɗaya a huta.

Uwar_Saba:
Kada a kashe. Kwamfutoci goma ne daga gidaje goma, ba ka san abin da ke cikin kowace ba. A shiga saitin hanyar kebul a mayar da ita Private. Idan gem ya tashi karon farko Windows zai tambaya ko a bar shi, a amince. Wanda ya taɓa danna ƙi a baya ba za a sake tambayarsa ba, sai ya shiga jerin manhajojin da aka bai wa izini ya gyara da hannu. Kuma mai riƙe da saba ne ya fi buƙatar wannan, domin wurinsa ake shigowa. Masu manhajar riga-kafi ta wani kamfani su sani tana da tata katangar daban, gyaran ta Windows ba ya shafarta.

A lura kuma, ping, umarnin da ake gwada ko wata na'ura tana amsawa a kan hanya, yana iya ƙin amsawa alhali hanya lafiya lau, saboda Windows yakan toshe shi. Don haka a fara da yi wa rauta ping, ita takan amsa.

Mai_Kebul:
Ƙari a kan wannan. Idan ping yana tafiya amma gem bai ga saba a jeri ba, kusan kullum laifin katin hanya na biyu ne. Windows yana fitar da shelar nan ta kati ɗaya kawai, wanda ya fifita. Idan Wi-Fi na kunne, ko VPN, ko katin bogi da VirtualBox ko Hamachi suka dasa, shelar sai ta bi can. A kashe su duka, a rufe gem a sake buɗewa. In an gaji, a bar jeri a shiga da adireshi kai tsaye. A Counter-Strike 1.6 a buɗe konsol a rubuta connect 192.168.1.10:27015. Lambar da ke bayan adireshin ita ce ƙofar gem ɗin: Quake III Arena ƙofarsa 27960, Xonotic 26000, sabar Minecraft 25565, OpenTTD 3979.

Tsohon_Hannu:
Tunda an zo kan gem, Sabon_Shiga, ga amsar tambayarka ta intanet: ya danganta da abin da za ku buga, kuma wannan ne ya kamata a yanke mako guda kafin taro, ba a wurin ba.

Wasannin shekarun 1990 da farkon 2000 da irin wannan zama aka gina su. Doom na 1993 yana haɗa mutum huɗu, Quake III na 1999 da Counter-Strike da Unreal Tournament duk suna zuwa da sabarsu. Daga wannan zamanin manyan taruka irin QuakeCon a Amurka da DreamHack a Suwidin suka taso, kowa ya ɗauko kwamfutarsa. Daga baya kamfanoni suka fara janye wannan dama. StarCraft II ya fito a 2010 babu LAN a cikinsa. Valorant da Fortnite ko kuna zaune kafaɗa da kafaɗa sai saƙonku ya je sabar kamfani ya dawo. Ana iya buga su a taro, amma duk ɗakin yana rataye ne a kan layin intanet ɗaya.

Ga taron farko, shawarata a zaɓi gem uku kacal, kuma a auna su da kwamfutar da ta fi kowace rauni a ɗakin. Gem ɗin da mutum biyu ba za su iya kunnawa ba ya kashe taro, don za su zauna suna danna waya, bayan awa guda su fara naɗe kebul. Na kyauta sun fi sauƙi tunda babu zancen wa ya saya wa bai saya ba: Xonotic ko OpenArena na harbi, SuperTuxKart na tsere, 0 A.D. ko OpenRA na dabarun yaƙi. SuperTuxKart ne zan fara da shi, wanda bai taɓa riƙe gem ba ma yana shiga cikin minti biyu. Left 4 Dead 2 yana da daɗi amma mutum huɗu ne a haɗin gwiwa, takwas a karawa, ku kuma goma ne. A duba wannan adadin ga kowane gem.

Gargaɗi ɗaya game da tsofaffi sosai: waɗanda ke amfani da IPX, tsohon tsarin haɗa kwamfutoci, ba za su ga juna a Windows na yanzu ba, an cire shi tun Vista. Sai ta DOSBox, manhajar kunna tsofaffin gem, ko wani faci. Ba aikin taron farko ba ne.

Dan_Wifi:
Steam fa, manhajar da ake saye da kunna gem a cikinta, idan babu intanet?

Tsohon_Hannu:
Yana da yanayin aiki ba intanet, amma sai an shirya tun daga gida. A shiga asusu, a bar shi ya tuna kalmar sirri, a bar gem ya gama sabuntawa, a kunna shi sau ɗaya, sannan a koma yanayin ba intanet a gwada. Wanda ya zo wurin Steam ya fitar da shi, yana neman lambar tabbatarwa, babu yadda za a yi da shi sai an ba shi intanet. Kuma kowa sai da nasa kwafin, asusu ɗaya ba ya ɗaukar mutum biyar. A sabar Counter-Strike a sa sv_lan 1.

Babbar matsalar ita ce bambancin siga. Tara suna kan sabuwa, ɗaya yana kan tsohuwa, saba ta ƙi shi. A Minecraft abin ya fi tsanani: lambar siga sai ta zo ɗaya, ƙare-ƙaren da aka ɗora sai sun zo ɗaya, kuma nau'o'insa biyu, Java da Bedrock, ba sa shiga duniya ɗaya.

Uwar_Saba:
Shi ya sa nake cewa mai shirya taro ya tanadi kwafin duk gem ɗin a faifan SSD na waje ko a babban fayil da aka buɗe a saba. Ga lissafin. Gigabit a aikace yana ba da kimanin MB 110 a sakan, gem mai GB 100 zai ɗauki kusan minti 15. A kan 100 megabit, MB 11 ne a sakan, awa biyu da rabi ke nan. Kuma in mutum biyar suna ja daga saba lokaci guda, kebul ɗinta ɗaya suke rabawa, kowa ya samu kashi ɗaya cikin biyar. Gara biyu su fara ɗauka, sauran su ɗauka daga wurinsu.

Steam yana da saitin tura gem tsakanin kwamfutocin da ke hanya ɗaya, a sashen saukarwa. A can a ba da izini ga abokai ko ga kowa. Sai dai yana buƙatar duka biyun su kasance a haɗe da Steam ta intanet. In babu, a kwafi babban fayil ɗin gem daga steamapps/common tare da fayil ɗin appmanifest nasa, Steam a rufe. Manyan taruka suna kafa LanCache, mutum ɗaya ya sauke sauran su samu daga cikin gida, amma ga mutum goma wahalarsa ta fi amfaninsa.

Idan akwai intanet a wurin, kowa ya dakatar da sabuntawar Windows da ta Steam da ɗora fayil zuwa gajimare. Gem ba ya cin layi, saukarwa ce ke cinye shi.

Mai_Kebul:
Lissafin Hajiya ya tuna min abu. Idan kwafin wani yana tafiya a MB 11 alhali na kowa 110, duba kebul ɗinsa. A ciki waya takwas ne, an murɗe su bibbiyu. Gigabit yana buƙatar duka takwas, 100 megabit huɗu kawai. Waya ɗaya ta katse cikin huɗun da 100 megabit ba ya amfani da su, ba lallai ya mutu ba, yakan sauka 100 ne shiru. Suwic da yawa suna nuna wannan da launin fitilar ramin. Masu matse kan kebul da kansu su bi tsari ɗaya a kai biyun, T568B: fari da ruwan goro, ruwan goro, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. A gwada da testa kafin a fito.

Sai babban bala'i, madauki. Wani ya ga kan kebul a ƙasa, da kyakkyawar niyya ya soka a suwic, ashe ɗaya kan ma yana jikin suwic ɗin. Ko a haɗa suwic biyu da kebul biyu da tunanin gudu zai ninka. Saƙon shela zai yi ta zagaye yana ƙaruwa, cikin sakanni komai ya tsaya. Alamarsa duk fitilu suna ƙyaftawa tare da sauri kamar sun haukace. Suwic masu saiti suna da STP da ke kare wannan, yawancin marasa saiti ba su da shi. Maganinsa a zare kebul ɗaya bayan ɗaya har fitilu su lafa. Riga-kafinsa a sa lamba a kai biyun kowane kebul, kuma mutum ɗaya ne kawai ke taɓa suwic.

Injiniya_Wuta:
Ban gama da wuta ba, saura zafi. Duk wat ɗin da kwamfuta ta ja, zafi yake komawa a cikin ɗakin. 3300 na kaya, ƙara kimanin wat 100 na jikin kowane mutum, ya zama 4300. Na'urar sanyaya ɗaki mai BTU 12,000 tana kwashe kusan wat 3500 ne. Ka ga ko ita ba ta cimma ba, kuma tana buƙatar nata layin. Fanka ba ta rage zafi, juya shi take yi, sai dai a sa ta bakin taga tana hura waje, a buɗe wata taga a ɗaya ɓangaren iska ta shigo. Laftof ne ke fara nuna alama, sai gem ya fara sarƙewa saboda injin ya rage gudunsa don kada ya ƙone. A ɗaga bayansa sama kaɗan. Kada a jera manyan kwamfutoci yadda ɗaya ke hura zafinta cikin bakin ɗaya.

UPS ƙarami ɗaya a ba suwic da rauta da saba, ba sa jan wuta sosai. In da janareta za a yi, a waje yake zama nesa da taga da ƙofa, hayaƙinsa yana kisa ba a ji ba, kuma a ɗauki mai ƙarfin da ya haura lissafin da tazara.

Sabon_Shiga:
Sabar nan dole ne ta zama kwamfuta daban? Ba za a iya buɗe wasan a kwamfutar ɗaya daga cikin 'yan wasa ba?

Uwar_Saba:
Ana iya, kuma ga zagaye ɗaya biyu ba komai. Matsalar, in gem ɗinsa ya daskare ko ya tashi ya fita, kowa ya faɗo tare da shi. Tsohon laftof ya isa riƙe sabar Quake ko Counter-Strike 1.6 ko Xonotic, ba ta buƙatar katin hoto. Minecraft ne ke son RAM da injin kirki. A hana laftof ɗin barci, a canza abin da yake yi idan an rufe murfi, a jona shi da kebul da caja. Idan ƙungiyoyi za su zauna ɗaki daban, a ɗora Mumble a kansa don magana, ƙofarsa 64738, ba ya buƙatar intanet.

Tsohon_Hannu:
Wurin zama: faɗin santimita 80 zuwa mita ɗaya ga kowane mutum, saboda hannun linzami. Suwic a tsakiyar tebura, ba a lungu ba, kebul sai su gajarta. Duk wayar da ta ratsa hanyar wucewa a manne ta da tef mai faɗi. Lasifika a bar ta a gida, kowa da abin kunnensa, in ba haka ba ba mai jin takun abokin gaba. Abin sha mai murfi, kuma ba a kan teburin da ekstenshan ke ƙarƙashinsa ba.

A aika wa kowa jerin abin da zai kawo: kwamfuta, allo, wayar wutar kowanne, wayar HDMI ko DisplayPort, kibod, linzami da shimfiɗarsa, abin kunne. Wayar wutar allo ce aka fi mantawa, mai shiri ya ajiye ƙari. Babbar kwamfuta a mota a kwantar da ita ta gefen da babban allon cikinta ke ƙasa, don kada nauyin katin hoto ya ja raminsa. In an iso ta kunna amma allo baƙi, a kashe, a zare wuta, a cire RAM da katin hoto a mayar su zauna daidai. Kuma a duba ko wayar allo tana jikin katin hoto, ba ramin da ke sama kusa da na USB ba.

Dan_Wifi:
Gasa fa? A yi ta fitar da wanda ya faɗi?

Tsohon_Hannu:
Ba a taron farko ba, ko in ce ba da wannan tsarin ba. Da mutum takwas, bayan zagayen farko huɗu sun zama 'yan kallo. Kowa-da-kowa ya fi: ƙungiya huɗu wasa shida ne, biyar wasa goma. In biyar da biyar za a yi, a raba gwanaye biyu ɗaya nan ɗaya can, a sake gauraya bayan kowace taswira.

Sabon_Shiga:
Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe: a ranar, wane ake fara jonawa?

Mai_Kebul:
Kwana ɗaya kafin nan a haɗa rauta, suwic, saba da kwamfuta biyu, a buga kowane gem na minti biyar da Wi-Fi a kashe. A ranar, wuta tukuna bisa rabon Malama Injiniya, sai rauta ta gama tashi, sai suwic, sai saba. Duk wanda ya iso kada a bar shi ya buɗe gem sai ya wuce huɗu: fitilar raminsa ta kama a gigabit, ipconfig ya nuna adireshi irin na kowa, ping zuwa rauta ya amsa, hanyarsa tana kan Private. Wanda ya faɗi a ɗaya, a canza masa kebul da rami kafin a taɓa wani saiti.

Injiniya_Wuta:
Kuma idan kowa ya zauna, a sa duka goman su shiga gem mafi nauyi na minti goma kafin a fara wasan gaske, sannan a bi ekstenshan da fulogi ana taɓawa da bayan hannu. Ɗumi kaɗan ba komai. Wanda ya yi zafi a rage masa kwamfuta ɗaya a mayar ɗaya layin.